Ina da cikin wata biyar, haƙori yana hana ni barci, an ce in haƙura sai na haihu

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kano, shekaruna 27, ina ɗauke da cikin wata biyar, na uku ke nan. Tun cikin yana wata biyu dasashina ke jini duk sanda na goge baki, har na ajiye buroshi na koma kurkurewa da ruwa kawai. Ga kuma wani turmi na sama ta hagu da ya yi rami. Da can sai na sha ruwan sanyi yake min zugi, yanzu kuwa haka kawai yake tashi na cikin dare. Ina cusa kanumfari, na sayi haɗin magani a kemis sau biyu, sai ya lafa kwana biyu ya dawo. Maigidana ya fara yi min maganar warin baki. Uwar mijina ta ce mai ciki ba ta zuwa wurin likitan haƙori, allurarsu tana taɓa jariri, kuma cire haƙorin sama yana kashe ido. Maƙwabciyata ta ce ita tunda aka yi mata wankin haƙori haƙoranta suka fara girgiɗa. Kowa cewa yake in yi haƙuri sai na sauka. Mene ne abin yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da fama, Allah Ya raba lafiya. Amsarmu a taƙaice ita ce ki je asibitin haƙori cikin makon nan, kada ki jira haihuwa. Wata na huɗu zuwa na shida shi ne lokacin da likitocin haƙori suka fi so su yi wa mai ciki aiki: laulayi ya ragu, gaɓoɓin jariri sun riga sun haɗu, kuma ciki bai yi nauyin da zai hana ki kishingiɗa a kujera ba. Kina tsakiyar wannan lokaci yanzu. Idan kika bari sai wata na tara, aikin zai fi miki wuya, ga shi haƙorin ba zai tsaya jiran ki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fara da turmin nan, don shi ya fi damun mu. Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ruwan ɗorawa da bai kai shi ƙarfi ba, cike da ƙananan ƙofofi masu kai saƙo ciki. Can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon nan a hankali har ya huje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babu wata tsutsa a ciki, kuma duk wanda ya turara miki hayaƙi ya nuna miki tsutsa a kasko, dabara ce ya yi. Lokacin da ruwan sanyi ke sa ki zugi na ɗan daƙiƙoƙi ya wuce, ramin yana hawa na biyu ne, kuma ciko kawai ya isa. Ciwon da ke tasowa da kansa, ya daɗe, ya tashe ki daga barci, alama ce cewa ruɓewar ta kai ga jijiya. Jijiyar ta kumbura a cikin ɗakin da ba ya buɗawa, in kin kwanta jini ya ƙaru a kai, matsi ya ƙaru, shi ya sa dare ya fi tsanani.

Ga abin da muke so ki riƙe da kyau. Wata rana ciwon nan zai iya ɗaukewa ɗif, ki ɗauka kin warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar sai su bi ta saiwa su sauka cikin ƙashin muƙamuƙi, mugunya ta taru, fuska ta kumbura. Mutane da yawa a wannan matakin suke zuwa asibiti, bayan sun sha wahalar watanni, kuma a lokacin zaɓi ya ragu. Ga mai ciki, mugunya da zazzaɓi da kasa cin abinci da rashin barci sun fi kowace allurar likita haɗari ga abin da ke cikinta.

Kanumfari yana da wani mai da ke kashe zafi na ɗan lokaci, har likitocin haƙori suna amfani da irinsa a cikin ciko na wucin gadi, don haka ba ƙarya ba ne da kika ji sauƙi. Amma ba ya tsayar da ruɓewa, kuma tataccen mansa yana ƙona dasashi. Kada ki yarda kowa ya sa miki ruwan batir, ko fetur, ko turare, ko garin asfirin a ramin. Suna ƙona nama su bar gyambo, ruɓewar kuma tana nan.

Haɗin maganin kemis ɗin nan ki daina shi daga yau, mun fi jin tsoronsa a kan komai cikin wasiƙarki. Yawancin irin wannan haɗin yana ɗauke da ibuprofen ko diclofenac ko piroxicam, kuma daga mako na 20 na ciki waɗannan suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki, daga mako na 30 kuma suna iya rufe wata hanyar jini ta kusa da zuciyarsa kafin lokacinta. Wani haɗin kuma akwai tetracycline ko doxycycline. Haƙoran jaririnki sun fara ginuwa tun cikin yana wajen mako shida, yanzu haka suna yin tauri, kuma tetracycline yana shiga cikinsu ya rina su rinin da ba ya fita. Abin da za ki sha kafin ki ga likita shi ne farasitamol, ƙwaya biyu masu 500mg, a bar aƙalla awa shida tsakani, kada ya wuce ƙwaya takwas a kwana ɗaya, kuma na 'yan kwanaki ne kawai. Idan a wurin awo an rubuta miki ƙaramin asfirin saboda hawan jini, wannan daban ne, ki ci gaba da shi, ki dai gaya wa likitan haƙori. Su ampiclox da amoxicillin da ake saya kai tsaye ba sa warkar da ciwon haƙori, domin jini ba ya shiga jijiyar da ta lalace, maganin ba shi da hanyar kaiwa wurin. Likita kan rubuta su ne in kumburi ya fara yaɗuwa, tare da aikin da zai cire tushen matsalar.

A asibiti ga yadda abin zai kasance. Da kin zauna ki faɗi watannin cikinki, ki miƙa katin awo, ki nuna duk maganin da kike sha. Likita zai duba, ya ƙwanƙwasa haƙorin, ya gwada shi da sanyi, wataƙila ya ɗauki ɗan ƙaramin hoto don ganin saiwa. Hasken da ake amfani da shi a hoton haƙori ɗaya ƙanƙani ne ƙwarai, a baki ake saita shi, nesa da ciki, kuma ba a hana mai ciki shi idan akwai buƙata. Allurar kashe wuri da aka fi amfani da ita, lidocaine, ta daɗe ana yi wa masu ciki. Ba maganin barci ba ce, wurin kawai take kashewa na awa biyu zuwa uku, idonki biyu. Daga nan zaɓi biyu ne. Ko a yi aikin saiwa, wato a buɗe haƙorin a kwashe jijiyar da ta lalace, a wanke hanyoyin saiwar (turmin sama yawanci saiwa uku gare shi), a cike su a rufe. Wannan yakan ɗauki zuwa ɗaya zuwa uku, ya fi tsada, amma haƙorinki yana nan, kuma hular da ake sa masa daga baya za ta iya jira sai kin haihu. Ko kuma a cire shi, idan ruɓewar ta cinye shi har babu abin ginawa a kai, ko kuɗin aikin saiwa ya gagara. In haƙorin zai gyaru kuma da hali, mu mun fi son a gyara. Giɓin turmi ba ya zama haka nan: maƙwabtansa suna karkatowa, na ƙasa da ke karo da shi yana ƙara tsawo, abinci ya samu sababbin wuraren maƙalewa. Idan akwai wasu ƙananan ramuka, ki nemi farin ciko. In kin ji jiri a kujera ki yi magana nan take, a ɗaga ki, a sa ɗan matashi ƙarƙashin ƙugunki na dama don ki karkata hagu, nauyin ciki ya sauka daga kan babbar jijiyar jini.

Maganar ido kuwa, jijiyar gani daban take, daga bayan ido ta wuce kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, ba ta bi ta haƙori. Cire haƙorin sama ba ya kashe ido. Abin da ke iya kaiwa ga ido shi ne mugunyar haƙorin sama da aka bari ta yaɗu, ta hau kunci ta kumbura fatar ido. Mai yiwuwa daga nan zancen ya samo asali: mutum ya jinkirta har kumburi ya kai ido, aka cire haƙori a makare, sai laifin ya faɗa kan cirewar.

In an cire, ki cije audugar da aka sa miki minti 30 zuwa 45 ba tare da kina buɗewa kina dubawa ba. Ranar nan kada ki kurkure baki, kada ki riƙa tofar da yawu da ƙarfi, kada ki zuƙi abu da tsinken shan lemo, kada ki sha kunu ko shayi mai zafi. Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin da nama zai tsiro a ƙarƙashinsa. In ya fita, ƙashi ya bayyana, sai ciwo mai tsanani da wari su taso a rana ta biyu zuwa ta huɗu, kuma dole a koma asibiti a wanke a sa magani. Washegari ki fara kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin cokalin shayi na gishiri, bayan kowane cin abinci da kafin barci, har mako guda. Da yake na sama ne, kuma saiwarsa tana kusa da kogon iskar da ke gefen hanci, ki guji fyace majina da ƙarfi na 'yan kwanaki.

Sai dasashi. A nan kin yi kuskuren da kusan kowa ke yi, kika ga jini kika ajiye buroshi. Kullum wata farar dauɗa mai yauƙi tana taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi. Ki kankara da farce da safe za ki gan ta. Tarin ƙwayoyin cuta ce, ita ke sa dasashi ya kumbura ya yi ja. Sinadaran jikin mai ciki suna sa dasashi ya ƙara saurin kumbura ko da dauɗar kaɗan ce, abin yakan fara wajen wata na biyu, ya tsananta wajen na takwas, ya sauka bayan haihuwa. Cikin ya ƙara wa wutar iska ne, amma dauɗar ce makamashin. Da kika daina gogewa sai ta ƙara taruwa, jinin ya ƙaru. Ki koma gogewa yau. Kwanakin farko zai yi jini, kada ki fasa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga ya ragu sosai. Wasu masu cikin kuma wani ɗan jan tsiro kan fito musu tsakanin haƙora, mai saurin jini; yawanci yana bajewa bayan haihuwa, amma a nuna wa likita. Idan jinin yana zuba da kansa ba tare da an taɓa ba, ko kina haɓo, ko kina ganin tabon taruwar jini a fata, ki faɗa a wurin awo a gwada jininki.

Ana cewa kowane ciki da haƙorin da yake ci, wai jariri yana zuƙe ƙarfin haƙoran uwa. Jariri yana samun kalsiyam daga abincinki, in bai isa ba daga ƙashinki, ba ya iya cire shi daga haƙori. Abin da ke lalata haƙoran masu ciki shi ne amai, da kwaɗayin zaƙi da tsami, da barin goge baki.

Dauɗar da aka bari takan sha ma'adinan yawu ta daskare ta zama kamar ƙanzo a gindin tukunya, musamman bayan haƙoran gaba na ƙasa. In ta kai haka babu buroshi ko asuwakin da zai cire ta, sai wankin haƙori a asibiti, da wani ɗan ƙarfe mai karkarwa yana fesa ruwa. Ba ya kankare ɓawon haƙori. Abin da ya faru da maƙwabciyarki sananne ne: ƙanzon ya shekara yana tura dasashi ƙasa, ƙashin da ke riƙe da saiwa yana zaizayewa a ɓoye, ƙanzon kuma ya cike gurbin ya manne haƙoran da juna. Da aka cire shi sai ɓarnar da ya riga ya yi ta fito fili, ga tazara, ga motsi, ga jin sanyi na 'yan kwanaki. Da an bar shi, ƙashin zai ci gaba da tafiya har haƙoran su zube, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Ke da shekara 27, da alama naki bai kai can ba, wanki ɗaya da gogewa mai kyau za su iya mayar da dasashin yadda yake.

Gogewar kanta akwai yadda ake yi. Ki sayi buroshi mai laushi, mai ƙaramin kai. Mai tauri yana cin dasashi da wuyan haƙori, kuma ƙaramin kai ba ya tayar da zuciya sosai. Man goge baki ya zama mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, ki duba jikin kwalin ki ga an rubuta tsakanin 1,000 da 1,500 ppm, yawanci 1,450. Ki matsa kamar ƙwayar wake, ba sai ya cika buroshin ba. Ki karkata gashin buroshin ya fuskanci bakin dasashi, ki riƙa ɗan jujjuya shi a kan haƙora biyu-biyu, waje da ciki da saman da ake tauna, minti biyu cif. Goga da ƙarfi daga hagu zuwa dama kamar ana wanke tukunya shi ke sassaƙe wuyan haƙori. In kin gama ki tofar, kada ki kurkure da ruwa, a bar fuloraid ɗin ya zauna ya yi aikinsa. Wannan ne mutane suka fi mamaki, amma haka ya dace. Sau biyu a rana, kuma na dare ya fi na safe muhimmanci, domin yawu yana raguwa in ana barci, shi ne kuwa mai wanke baki da kashe tsami. Bayan gogewar dare sai ruwa kawai. Tsakanin haƙora a sa zaren sakace sau ɗaya a rana, a bar tsinken tsintsiya da allura da ashana. A sauya buroshi duk wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje, kuma kowa da nasa.

Kada ki bar asuwaki. Sunna ce mai ƙarfi, Annabi (SAW) ya ce tsarki ne ga baki kuma yardar Ubangiji ne, kuma na arak ko darbejiya ko marke yana cire dauɗa sosai in an iya riƙe shi. Ki tauna bakin ya yi laushi, ki bi haƙori ɗaya-ɗaya daga dasashi zuwa baki, ki yanke wurin da aka yi amfani da shi kullum ko bayan kwana biyu. Gazawarsa ita ce bai cika kaiwa bayan turame da cikin haƙora ba, don haka asuwaki da rana lokutan salla, buroshi da man fuloraid safe da dare. Gawayi da toka da gishiri tsura suna sa haƙori haske na ɗan lokaci ne ta hanyar kankare ɓawo, in ya yi siriri kuma ruwan ɗorawar da ke ƙasa ya fito, ga jin sanyi.

In kin yi amai kada ki goge nan take, tsamin ciki ya tausasa ɓawon, buroshi zai kwashe shi. Ki kurkure da ruwa, ko kofin ruwa da cokalin shayi ɗaya na bakin soda (baking soda ta girki, ba sodar yin sabulu ba), ki jira kamar awa ɗaya. Haka in kin sha lemun tsami ko tsamiya ko zoɓo.

Game da zaƙi, yawan lokutan da ake ci ya fi yawan abin da aka ci ɓarna. Duk sanda sukari ya shiga baki, tsami yakan yi wajen rabin awa yana aiki kafin yawu ya kashe shi. Wadda ta sha shayi mai sukari da safe, ta tsotsi alawa da hantsi, ta ɗan ci gullisuwa, ta yini tana kurɓar lemun kwalba, haƙoranta ba su huta ba ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12 a rana ga babba, in ya tsaya a 6 ya fi, alhali ƙaramar kwalbar lemo ɗaya takan kai 8 ko 9. In kwaɗayin ya taso, ki haɗa zaƙin da lokacin cin abinci, ki bi da ruwa. Tsakanin abinci ga gyaɗa, ga dafaffen ƙwai, ga nono ko kindirmo marar sukari, ga kokwamba da karas.

Warin bakin kada ya sa ki ƙunci, kuma kada a ce miki daga ciki yake fitowa. Mafi yawansa a baki yake, kuma ke kina da dalilai uku a fili: rami mai tara abinci, dasashi mai jini, da watanni ba gogewa. A ƙara da farin da ke kwanciya a bayan harshe, wanda za ki riƙa kankarewa a hankali da buroshi ko bayan cokali kowace safiya. In an gyara waɗannan zai tafi. Ruwan kurkure baki na kanti yana rufe wari na ɗan lokaci ne. Mai chlorhexidine yana taimaka wa dasashi, amma likita ne zai rubuta, na mako ɗaya zuwa biyu, don yana rina haƙori in an daɗe.

Saura Hajiya, uwar mijinki. Tsoron da take ji na jikanta ne, don haka kada ki yi musu da ita. Ki fara da maigida, ki nuna masa wannan amsar, tunda shi ma warin ya dame shi kuma shi zai kai ki. A ranar awo ki gaya wa nas ko likita halin da kike ciki, ki roƙi su rubuta miki takardar turawa sashen haƙori. Magana in ta fito daga masu duba cikin ta fi saurin karɓuwa a gida, kuma in Hajiya za ta yarda ta raka ki ta ji da kunnenta, ya fi. A Kano akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, ga kuma asibitoci masu zaman kansu. Ki tabbata dai likitan haƙori ne mai rajista. Masu cire haƙori a kasuwa da masu yawo gida-gida ki nisance su, kayan da ba a dafa ba suna ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga baki zuwa baki, kuma sukan karya saiwa su bar ta a ciki.

Kafin ranar zuwanki, ki kwanta da matashi biyu don kai ya ɗaga, ki tauna ta ɗaya gefen, ki riƙa kurkure ramin da ruwan gishiri mai ɗumi bayan abinci. Idan kunci ya fara kumbura kada a gasa shi da ruwan zafi ko tsumma mai zafi. Idan kuwa kika ga kumburin ya doshi ido ko ya sauka ƙarƙashin haɓa da wuya, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko baki ya ƙi buɗuwa sosai, ko haɗiyar yawu ko numfashi ya yi wuya, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. A kai ki sashen gaggawa a daren, da katin awonki a hannu.